Gwangwanin da Baba Ya Mayar

Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa har Baba ya koma ga Allah bai taɓa kama sunana ba. Da ina yarinya "ke" yake ce mini. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni koyarwa Tsafe, sai ya koma kirana Malama, yana faɗa yana murmushi kamar mai tsokana. Manomi ne a Rawayya, cikin ƙasar Bunguɗu: gero, dawa, ɗan auduga, da shanun huɗa biyu. Ban san shi da komai ba bayan gona da masallaci da rediyo, kuma rediyon nan ita ta fara ja mana.

A shekarun nan, duk wanda ya kira gayya a gonarsa ya san abin da zai tanada wa masu taya shi noma: tuwo, fura, goro, da ƙwaya. Kada mai karatu ya zaro ido. Wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne farare da ake ce wa maganin gajiya, a faranti ake tallarsu ranar kasuwa, kusa da maganin ciwon kai da man zafi. Samari su haɗiya bibbiyu da kunu, su duƙa ba su ɗago ba sai azahar. Mai gonar da bai raba ba sunansa marowaci, baɗi in ya kira gayya a yi masa nauyin ƙafa. Baba bai taɓa kai ko ɗaya bakinsa ba, cewa yake ƙirjinsa ba ya so. Amma yana saye, gwangwani guda a wani kanti cikin kasuwar Gusau, kamar yadda yake sayen gishirin shanu.

Wata shekara, gab da a ba mu jiharmu, damina ta yi gardama, gayya ɗaya aka yi, gwangwanin ya rage fiye da rabi. Baba ya ɗaure bakinsa da tsumma ya sa a rumbu sai baɗi. Cikin rani sai rediyo ta fara shela, safe da yamma, cewa gwamnati ta cire wannan magani daga cikin waɗanda kowa ke iya saye, ta sa shi sahu ɗaya da wiwi, duk wanda aka kama da shi ya kuka da kansa.

Maƙwabta da suka ji, kowa ya juye nasa a masai ya wanke hannu. Baba ya ce shi ba ya zubar da abin da aka saya, almubazzaranci ne. Kuma a wurinsa magana a fili take: ka sayi akuya ka tarar tana da aibi, mai ita kake mayar wa. Mai kanti ya san inda ya samo abinsa, shi zai san inda zai kai shi. Sai ya sa gwangwanin a jakarsa ta fata, ya hau kabu-kabu zuwa Bunguɗu, daga nan ya shiga motar Gusau.

Kafin a shiga gari akwai shingen masu bincike. Direban motar ne ya ba ni labarin daga baya, yana faɗa yana girgiza kai. Jami'in ya leƙo, ya sa samari biyu suka buɗe kayansu, ya ga Baba da farin gemu ya ce, "Sannu Baba," ya wuce. Ya wuce fa. Har ya ɗaga wa direba hannu. Sai Baba ya leƙa ta taga ya kira shi.

"Samari, zo in tambaye ka. Wanga maganin da aka hana, ga shi zan mayar wa mai kanti. Ko ku ne ke amsa?"

Har yau in na tuna wannan tambaya sai in ji kamar in ɗora hannu a ka. Kusan sati uku ya yi a tsare. Mai kantin da aka je wurinsa ya rantse bai taɓa ganin Baba ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, shi ma kansa yake ceto. A kotu tafinta ya tambayi Baba, "Gwangwanin nan naka ne?" Ya ce nasa ne. "Ka san abin da ke ciki?" Ya ce ya sani. Shi ke nan, wai ya amsa laifi. Aka ci shi tara, aka ɗauki hotonsa riƙe da allo mai lamba, ya dangwala yatsa a takardun da bai san me suka ce ba. Muka biya, muka dawo da shi, mutane suka yi ta zuwa barka da arziki. A Rawayya ba wanda ya ɗauke shi mai laifi, dariya ma ake yi a bayan idonsa. Shi ne bai yi dariya ba. Bai ƙara kiran gayya ba, kuma ya hana a ta da maganar a gida, mu kuma muka ɗauka ta wuce.

Baba yana da yaya guda, uwa ɗaya uba ɗaya, mu muna ce mata Gwaggo duk da ba mu taɓa ganinta ba. Mahaifiyarsu ta rasu yana jariri, Gwaggo ce ta goya shi har ya yi wayo. Da ta yi aure, mijinta ya ɗauke ta suka kama hanyar Makka a ƙasa, irin tafiyar mutanen da, a yi noma a wannan gari a ƙara gaba. Ba su dawo ba. Suka zauna a wani ƙauyen Hausawa a Sudan, a bakin kogi, ta hayayyafa a can. Baba yana ɗan shekara goma ko kusa da haka suka rabu. Labarinta yakan zo jefi-jefi ta hannun wani Alhaji mai fataucin turare da ke zaune a Damba, cikin Gusau, wanda ke bi ta Maiduguri har can.

Shekara biyu bayan maganar gwangwani, Alhajin nan ya aiko mini Tsafe cewa akwai saƙo. Kaset ne. Na kai Rawayya, muka zauna a zaure bayan la'asar na sa a rikodata. Muryar tsohuwa ce, tana rawa, Hausarta irin ta da, da Larabci a cakuɗe. Ta gaida kowa har da mutanen da sun fi shekara talatin a ƙasa. Sannan ta ce ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ido ɗaya ya tafi, mijinta ya riga ta. Ta ce ba ta son komai, ba ta neman komai, amma tana so ta ga ƙaninta sau ɗaya kafin ta kwanta dama. "In kana iyawa ka zo," in ji ta, "in ka zo kada ka riƙo mini komai, kai nake so."

Baba ya sa na maimaita kaset ɗin sau uku. Bai yi kuka ba, amma ya kasa naɗa rawaninsa da aka kira magariba. Washegari ya ce, "Malama, mi ake yi in za a tahi Sudan?" Na ce fasfo ake fara yi. Ya ce to a yi.

Guzuri bai zama matsala ba, ya sayar da sa ɗaya da audugar shekarar, Alhajin kuma ya ce zai tafi da shi ƙafarsa ƙafarsa. Na ɗauki hutun kwana biyu a makaranta, muka je aka ɗauke shi hoto, na karɓo fom na cika masa da hannuna. Akwai wata tambaya a ciki, ko an taɓa yanke wa mai nema hukunci a kotu. Na rubuta a'a ban ko tsaya tunani ba. Ni dai a sanina ubana ba mai laifi ba ne.

Jiharmu sabuwa ce a lokacin, yawancin ofisoshi a gidajen haya suke, ka shiga falo ka ga tebur uku da fanka ɗaya. Jami'in da muka samu mutum ne mai sanyin murya, ya tashi ya ba Baba kujerarsa. Yana duba takardun yana jan Baba da hira, yaya damina, yaya hanya. Ya zo kan tambayar nan, ya karanta ta da Hausa kamar mai cika ƙa'ida, alƙalaminsa ma ya riga ya wuce layi na gaba.

"Baba, ba a taɓa kai ka kotu ba dai ko?"

Na taka ƙafar Baba ta ƙarƙashin tebur. Allah ya gani, na taka da ƙarfi. Ya janye ƙafarsa ya dube ni, sannan ya dubi jami'in ya ce, "An taɓa, ɗana. Kan maganin gajiya."

Jami'in ya ajiye alƙalami. Na ga a fuskarsa cewa da ya so bai ji ba, amma akwai mutum biyu a ɗakin da su ma sun ji. Ya ce mana umarni ya zo daga sama: duk wanda aka taɓa hukuntawa kan ƙwaya ba za a ba shi fasfo ba sai ya kawo takardar wanke kai daga masu yaƙi da ƙwaya. Na ce ai ba safara ya yi ba, mayarwa zai yi, shi ne ma ya kira jami'in shingen da bakinsa. Ya ce, "Hajiya, na yarda da ke. Amma umarnin bai raba mai gwangwani da mai mota cike ba." Na ce ya nuna mini dokar. Ya ce ba a hannunsa take ba. Har yau ban taɓa ganinta a rubuce ba.

A bakin titi na sauke wa Baba abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Baba, wa ya aike ka? Mutumin nan ya riga ya wuce wurin. Sau biyu ke nan ana wuce ka kana kiran mutane su dawo." Ya ce, "Tambayata ya yi." Na ce ai ba rantsar da shi aka yi ba. Ya ce, "To in an tambaye ni in ce mi?" Sai na tsayar da kabu-kabu da faɗa kamar shi ya yi mini laifi.

Daga nan na shiga zarya. Ranar da ba ni da darasi da rana, in hau motar Tsafe zuwa Gusau, in je ofishin masu yaƙi da ƙwaya, shi ma gidan haya ne da benci biyu a baranda. Suka ce shari'ar Baba an yi ta kafin a raba jiha, fayil ɗinsa yana Sakkwato. Na roƙi maigidana ya bar ni, na kwana gidan wata ƙawata a Sakkwato, da safe na je. Suka ce mutumin Bunguɗu yanzu ɗan Zamfara ne, ba huruminsu ba ne, an tattara takardun an tura Gusau. Na dawo Gusau, aka nuna mini wani ɗaki ta taga, kwalaye ne jibge har rufi ɗaure da igiya, ba wanda ya kwance su tun da aka sauke. Na ce su bar ni in shiga in nema da kaina, na iya karatu, ba zan ɓata musu komai ba. Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa mai neman abin da ba a taɓa nema ba.

Wata ma'aikaciya a wurin, da ta gaji da ganin fuskata, ta biyo ni har bakin ƙofa wata rana. Ta ce, "'Yar'uwa, kada ki ƙarar da takalminki. Ko an samo fayil ɗin, abin da ke ciki shi ne ya amsa laifi da bakinsa. Ba wanda zai sa hannu ya wanke shi, kowa tsoron kujerarsa yake." Na ce to yaushe sunan mutum ke fita daga wannan littafi? Ta ce ita dai tun da ta fara aiki shiga take gani.

Na je Damba na roƙi Alhaji mai turare ko zai bi da Baba ta hanyar da ba a tambayar takarda, tunda iyayenmu ma ba da fasfo suka keta ba. Ya ce wancan zamani daban. Yanzu iyaka biyu ce, kowace da sojoji, kuma shi ba zai ɗauki dattijo mai kumburin ƙafa ya je a tsare masa shi a ƙasar da ba a jin Hausa ba. Gaskiya ya faɗa, amma a ranar na ji haushinsa.

A gaban ofishin fasfo akwai wani mutum mai keken rubutu a gindin dogon yaro, shi ke buga wa mutane takardun rantsuwa. Ya daɗe yana ganina ina shiga ina fita. Rannan ya kira ni ya ce, "Malama, abin naku ai mai sauƙi ne, ku kuka ɗauke shi da zafi." Ya ce sunan Baba na yanka a bar shi yadda yake. Sunan mahaifinsa kawai za a sauya, da garin haihuwa, a yi sabuwar takardar shekaru, a nema daga wata jiha. Littafin masu ƙwaya da sunan uba yake gane mutum, in uba ya sauya mutum ya zama sabo. Ya ce ya yi wa mutane da yawa, wasunsu har sun je sun dawo.

Na tafi Rawayya da murnata. Na samu Baba yana gyaran igiyar shanu, na zayyana masa. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Malama, in tahi wurin ɗiyar ubana da sunan wani uba? In na isa in ce mata ni ɗan wa ne?" Na ce takarda ce kawai, Gwaggo ba za ta gani ba. Ya ce tun yana yaro yake jin malamai na faɗin girman zunubin mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba, kuma shi yanzu kabari ya fi kusa da shi fiye da Sudan. Na ce lalura ce. Ya ce in bar wagga magana.

Duk wannan lokaci Alhaji yana tafiya yana dawowa, kuma kowace tafiya sai an ba shi amsa ya kai. Ni ke riƙe rikoda, Baba na magana. A kaset na farko ya ce, "Yaya, ina nan tahe, bari a gama shuka." A na biyu ya ce a bari a yi maimai, bana ciyawa ta yi yawa. Kafin mu ɗauki na uku na ce masa, "Baba, ka gaya mata gaskiya mana. Ka ce gwamnati ce ta hana ka takarda." Ya ce sai ta tambayi dalili. Na ce sai a faɗa mata dalilin. Ya kau da kansa. Ni kuma bakina ba ya riƙe magana, na ce, "Ka ƙi yi wa takarda ƙarya, ga shi kana yi wa Gwaggo."

Na ɗauka zai yi mini tsawa. Bai yi ba. Ya ce, "Ita ta goya ni. In aika mata, tana kwance, cewa yaron da ta goya an ɗaure shi kan ƙwaya? Can ba su san gayya da maganin gajiya ba. Ɗan ƙwaya kawai za ta ji, gaban 'ya'yanta da jikokinta." Sannan ya nuna rikodar ya ce in danna. Na danna, ya gyara murya ya ce, "Yaya, saura girbi kaɗai."

Ban gaya wa kowa ba sai maigidana, shi ma cewa ya yi ba ruwansa amma bai hana ni ba. Na koma wurin mai keken rubutu da ragowar hotunan Baba na ce ya yi. Ban tambaye shi yadda zai yi da yatsa da sa hannu ba, shi ma bai faɗa ba. Bayan sati shida ya miƙo mini fasfo a cikin ambulan, kore, sabo, yana ƙamshin takarda. Ga Baba a ciki da rawaninsa, ga sunan wani mutum da ba a taɓa haifa ba a matsayin ubansa. Shirina shi ne in ce an samo fayil an wanke shi. Baba ba ya karanta boko, kuma a hanya Alhaji ne zai riƙe takardu. A mota daga Gusau har Bunguɗu ina maimaita ƙaryar a raina don ta zauna.

A gona na same shi, an fara yankan gero, yana zaune gindin gawo yana hutawa. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa masa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon hoton, fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin kotu. Ya ce, "An samu ke nan?" Na ce an samu. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke gefen hoton ya ce, "Karanta mini, in ji yadda suka rubuta sunan tsoho."

Duk abin da na haddace a mota ya tsere. Da na faɗi sunan kakana da shi ke nan, ba mai ƙaryata ni a gonar nan. Amma yana kallon bakina, kuma ni ɗiyarsa ce, abin da ke damuna da shi ashe yana jikina. Na karanta abin da ke rubuce.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sake kallon hoton, ya rufe fasfon a hankali ya miƙo mini. Ya ce, "Hoton ya yi kyau. Wanga bawan Allah, Allah ya kai shi lafiya, amma ba ni ba ne." Na fashe da kuka a gaban masu yankan gero, na ce Gwaggo mutuwa za ta yi. Ya ce ya sani. Na ce to me yake so in yi? Ya ce in koma ofishin in sake tambaya, ko an kwance kwalayen. Na koma, sau huɗu bayan nan, kwalayen suna nan yadda suke.

An gama girbi an kai amfani gida, Alhaji ya sake tafiya, wannan karon Baba bai ba da kaset ba don ba sauran aikin gona da zai ambata. Turmin atamfa ya aika da ɗan zuma. Bayan wata biyu aka aiko mini Tsafe in je Damba. Alhaji ya fito zaure, ya amsa gaisuwata a gajarce, ya miƙo mini takarda a ninke. Tun da na ga takarda ce ba kaset ba na gane. Babban ɗan Gwaggo ne ya rubuto, da ajami, na karanta a cikin motar Bunguɗu ina haɗa baƙi da ƙyar. Akwai layi biyu a ƙarshe da na yi niyyar tsallakewa in na zo gaban Baba.

Na isa ana fitowa daga la'asar. Yana ganina ba ranar zuwana ba ya ce in shigo zaure. Idonsa ya riga ya yi rauni, ba ya iya karatun ƙananan baƙaƙe, sai ya ce in karanta, kuma in karanta duka. Na karanta gaisuwa. Na karanta cewa Gwaggo ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, an yi mata sutura, jama'a sun taru sosai. Ya yi salati, ya yi mata addu'a. Na fara ninke takardar. Ya ce, "Rubutun ya fi haka yawa, Malama."

Na buɗe na ƙarasa. Ɗan nata ya ce kafin ta cika ta bar saƙo a gaya wa ƙaninta ta yafe masa. Ta ce ta san manomi ba ya iya barin gonarsa, kada ya sa abin a ransa.

Baba ya ce, "Gona ta ce?"

Na ce, "Gona ta ce, Baba."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma da yatsa. Ni kuma haushi da tausayi suka haɗe mini, ban san wa zan zaga ba, ko gwamnati, ko mai kanti, ko shi, ko ni da na riƙa danna rikoda. Na ce, "Bari in rubuta wa ɗanta gaskiya. In gaya masa ka sayar da sa, ka yi hoto, ka je ofis, hana ka aka yi. Su sani ba gona ka zaɓa ba."

Ya ce, "Rubuta. Amma ba shi ne ya jira ni ba."

Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya sa takalminsa, ya tafi gaya wa liman a sanar da mutane an yi mana rasuwa.